Ya kira ni chubby a sitatus, zagi ne ko yabo?

Ga saƙon da wata 'yar'uwa ta turo min inbox, na ɗan taƙaita shi kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta:

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 27, ina da yaro ɗan wata bakwai ina shayarwa. Ranar bazday ɗina maigidana ya ɗora hotona a sitatus ya rubuta my chubby queen. Ni Turancina ba mai zurfi ba ne, na ji daɗi har godiya na yi masa. Can da daddare ƙanwarsa ta yi sikirinshot ta tura gurup ɗin gidansu ta rubuta wato lukuta kenan, da emojin dariya, wasu suka biye mata. Na sa kalmar a fassarar waya ta ba ni mai ƙiba. Tun ranar ban sake sakar masa fuska ba, ko abinci ba na iya ci a gabansa, kullum sai na yi kuka. Kafin aure kilo 56 nake, yanzu na kai 70. Na yi odar silimin ti, wato shayin rage ƙiba, a Instagram, na daina cin tuwo da shinkafa, ruwan nono ma ya fara raguwa. Anti zagina ya yi a gaban duniya? Ko ya gaji da ni ne zai ƙaro aure? In sha shayin?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin mu zo kan Turanci. Shayin nan kar ki sha, in ma kin fara to ki ajiye shi yau ɗin nan, kuma dan Allah ki tashi ki zuba abinci ki ci. Dalili na nan zuwa a ƙasa, amma ban so ki kai ƙarshen rubutun nan da yunwa a cikinki alhali yaro na jiran nono.

Toh, maganar kalma. Ba zagi ba ce. Ana furta ta cabi, kuma in kika buɗe manyan ƙamus na Turanci irin na Oxford da na Cambridge za ki ga dukkansu abu ɗaya suke nunawa, wato 'yar ƙiba kaɗan, irin wadda take yi wa mutum kyau, mai ban sha'awa a ido. Na Cambridge har ƙarawa ya yi da cewa an fi faɗinta a kan yara. Baturiya in ta ɗauki jariri ta ga kumatunsa sun yi ɓul-ɓul, cinyoyinsa sun yi ninki-ninki, 'yan yatsunsa kamar a taɓa jini ya fito, kalmar da za ta fito daga bakinta kenan, tana faɗa tana murmushi tana lakatar kumatun. Tsohuwar kalma ce, tun farkon shekarun 1600 take cikin harshensu, asalinta daga sunan wani kifin kogi ne na ƙasashen Turai da suke kira chub, kifi ne mai kauri a mulmule, sai aka riƙa kwatanta duk abin da ya cika ya mulmule da shi. Yau babu mai tuna kifin in yana faɗinta, kamar yadda ba ma tuna asalin kalmomi da yawa da muke amfani da su kullum.

Fassarar wayarki ba ƙarya ta yi miki ba, rabin gaskiya ta ba ki. Ta ce mai ƙiba ta yi shiru, ba ta faɗa miki wace irin ƙiba ba, kuma nan ne duk rigimar take. Mu kanmu a Hausa ai ba kalma ɗaya gare mu ba. Ki duba, in aka ce wance ta murje, ko ta yi jiki, ko ta ciko, ko 'yar duma-duma ce, ko hutu ya zauna mata, duk ƙiba ake nufi amma babu wadda za ta ji haushi, wata ma har addu'a take a faɗa mata haka. Amma a ce mata lukuta, ko rusheshiya, ko mai teɓa, ko jibgegiya, shikenan an ja faɗa. Turanci ma haka yake da nasa matakan. Fat ita ce ta kai tsaye, mai zafi, in ka faɗa wa mutum ita a fuska to ka zage shi. Obese ta likitoci ce, a fayil ɗin asibiti ake rubuta ta, tana da ma'auninta. Plump tana kusa da tamu, ana faɗinta ga babban mutum, ana faɗinta ga kaza mai tsoka da tumatir da ya nuna ya cika. Curvy kuma mai diri ake nufi. Ita chubby tana can gefen masu taushi, in za a nemo mata 'yar'uwa a Hausa to 'yar duma-duma ce, ba lukuta ba sam. Ƙanwar mijinki ita ce ta ɗauko kalma daga layin so ta kai ta layin zagi, ko dai don ba ta san bambancin ba ko kuma ta sani sarai tsokana ce kawai ta kawo ta.

Amma fa ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba, don ba na so gobe wata ta zo ta ce miki Anti ta rufe ki. A Ingila da Amurka in ka kalli babbar mace ka ce mata chubby, da yawansu ransu zai ɓaci, duk da abin da ƙamus ya faɗa. Dalili shi ne al'ummarsu ta daɗe tana ɗaukaka siranta, musamman daga shekarun 1960 zuwa nan, har ta kai ga duk wata kalma da ta taɓo ƙiba komai taushinta mace tana jin ta kamar an soke ta. A shekarun 1950 shagunan kaya a Amurka har talla suke bugawa a jarida na rigunan 'yan mata masu jiki da wannan sunan ƙarara, daga baya suka daina don iyaye da yaran ba sa son a kira su haka, suka koma wasu sunaye. To can kenan. A Najeriya kuma kalmar ta ɗauki wani launi na daban, ki shiga TikTok ko Instagram ki gani, 'yan mata da kansu suke rubuta ta a ƙasan hotunansu suna alfahari, samari na rubuta cewa su irin matan da suke so kenan. 'Yan kudu suna da orobo ga mai jiki da lepa ga siririya, chubby ta zo ta zauna musu a matsayin ta 'yan gayu, mai ladabi. Mijinki ɗan nan ne, Turancin nan yake ji yake karantawa kullum a wayarsa, kuma bai tsaya nan ba ya haɗa mata da queen, sarauniya. Namijin da ya yi niyyar muzanta matarsa ba ya zaɓo hotonta mai kyau ranar bazday ɗinta ya kira ta sarauniya a gaban abokansa da 'yan ofis ɗinsu da danginsa.

Ki tuna ma da kanki, lokacin da kika fara ganin sitatus ɗin me kika ji? Daɗi kika ji har kika yi godiya. Kin san mijinki, kin san muryarsa in yana wasa da muryarsa in yana gatse, zuciyarki ta karanta saƙon daidai tun farko. Sai da wata ta shigo tsakani sannan abin ya juye.

Duk da haka ba zan ce miki ki daina jin zafi ba wai don ƙamus ya wanke shi. Zafin da kike ji na gaske ne kuma yana da tushe. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta haihu, ta yi jego, kayanta na lefe sun daina shigarta, ta tsaya gaban madubi tana ganin wata daban, zuciyarta dama a ɗar-ɗar take game da jikinta tun kafin kowa ya yi magana. A irin wannan lokacin ko yabo aka yi mata da ya taɓo jiki sai ya zama kamar an fama mata ciwo. Kuskuren maigidanki, in ma za a kira shi kuskure, ba a kalmar yake ba, a wurin da ya ajiye ta yake. Abin da miji zai raɗa wa matarsa a ɗaki ta yi dariya ta ture shi, in ya ɗora shi a sitatus mutum ɗari biyu suka gani ya zama na kowa, kowa zai fassara yadda ya ga dama, ga shi kuwa an fassara. Maza da yawa ba sa hango wannan, shi a ransa ya gama burge ki.

Abin da nake so ki yi shi ne ki daina wannan shirun. Na san halinmu mata, mu kumbura mu yi ta ajiye kwano da ƙarfi muna jira ya gane da kansa. Wallahi ba zai gane ba. Yanzu haka ƙila yana can yana lissafin ko kuɗin cefane ne bai isa ba, ko wani abu mamarsa ta faɗa miki, hankalinsa ba zai taɓa zuwa kan sitatus ɗin da aka yi masa godiya a kai ba. Ki bari sai yaro ya yi barci, ya ci abinci ya natsu, ba lokacin da ya shigo a gajiye ko yana kallon ƙwallo ba, ki zauna kusa da shi ki ce, Abban wane, akwai abin da ke damuna kwana biyu kuma na ga bai kamata in ci gaba da riƙe shi ni kaɗai ba. Ka tuna abin da ka rubuta ranar bazday ɗina? Na san da alheri ka yi, na ji daɗi a lokacin, amma ga abin da aka mayar da shi a gurup, kuma ni dama tun haihuwar nan jikina na damuna. Ki nuna masa sikirinshot ɗin. Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Kar ki fara da ka zage ni, kar ki fara da dama na san ka gaji da ni, in kika fara da tuhuma kare kansa zai shiga yi, hirar ta koma wa ya yi laifi, ainihin maganar ta ɓace.

Kuma ki faɗa masa abin da kike so ƙarara, kar ki bar shi yana lalube. In kalmar ce gaba ɗaya ba kya so, ki ce ya daina. In a ɗaki ba ta dame ki ba amma ba kya son ta a waje, ki faɗa masa haka. Haƙƙinki ne, jikinki ne, ba sai kin kawo hujja daga ƙamus ba kafin a daina kiranki da sunan da ba kya so. Allah da kansa ya hana mu jifan juna da laƙubba a Suratul Hujurat aya ta 11, kuma malamai sun yi bayani cewa abin dubawa shi ne ko mai sunan yana ƙin sa. Aya ta 12 da ke biye da ita kuma ta ce mu nisanci yawan zato, wannan kuma taki ce ƙanwata, ki riƙe su duka biyun.

Daga yadda ya amsa za ki san inda kike. In ya ce subhanallahi, wallahi ban san abin ya dame ki ba, ya ba ki haƙuri, ya kiyaye, to magana ta ƙare, kar ki sake tono ta ranar da kuka yi wani saɓanin. In kuma ya yi dariya ya ce ke ma kin cika fassara, gobe ya sake, jibi ya sake a gaban mutane bayan ya san tana ƙona miki rai, to a nan kam akwai matsala, kuma matsalar ba ta Turanci ba ce, ta rashin ganin girman abin da ke ranki ce, wannan sai a zauna da kyau, in ta kama a sa babba a ciki. Amma daga abin da kika rubuto ban ga alamar za a kai nan ba.

Ita kuma ƙanwar tasa, dan Allah kar ki shiga gurup ki mayar mata, kar ki yi sitatus na habaici, kar ki fita daga gurup ɗin cikin fushi a ga kin fita. Duk wanda kika yi a ciki kin ba su abin tattaunawa na wata guda, a ƙarshe a manta abin da ta yi a ce matar wane ba ta da haƙuri. Ƙanwarsa ce, shi zai yi mata magana, a gefe, ba a gurup ba. Kalma biyu ta isa, ya ce mata wance ban ji daɗin abin da kika rubuta a kan matata ba, kar ki sake. In daga bakin yayanta ta ji, ta san an ja layi. Na san akwai wasa tsakanin matar wa da ƙannen miji, al'adarmu ce, ana tsokanar juna ana dariya, amma wasa yana da sharaɗi, dole wanda ake yi da shi ma yana dariya. Nana A'isha ta taɓa nuni da cewa Nana Safiyya gajera ce, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mata ta faɗi kalmar da in aka gauraya ta da ruwan teku sai ta gurɓata shi. Gajarta fa kawai, kuma gaskiya ce ba ƙage ba. Ina ga a ɗauki hoton matar aure mai jego a kai gaban dangi ana dariyar jikinta.

Zancen ƙarin aure kuwa, ki cire shi daga wannan lissafin. Sirara nawa aka yi wa kishiya, masu jiki nawa suke zaune su kaɗai shekara ashirin? Ba sikeli ke yanke wannan ba. Namijin da hankalinsa ya yi waje akwai alamominsa, dare yake yi a waje ba dalili, waya kullum a kife, hira ta ƙare tsakaninku, ba ya ganin kwalliyarki ba ya ganin rashinta. Ke naki hotonki yake yaɗawa. Abin da nake jiye miki shi ne fushin nan da ƙin cin abinci a gabansa da ɗaure fuska su ne za su iya sanyaya gida, ba kilo 14 ba.

Kuma tunda maganar ta zo, ƙiba bayan aure ba baƙon abu ba ne ko a gidan Annabi. Nana A'isha ta ba da labari cewa sun yi tsere da shi a wata tafiya lokacin tana da ƙaramin jiki ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi dariya ya ce wannan ramuwar waccan ce. Abu Dawud ya ruwaito. Ita da bakinta ta ce ta yi jiki, ba ta ɓoye ba, ba ta ji kunya ba, kuma babu inda ya goranta mata.

Yanzu mu zo kan jikin naki da lissafi, don tsoro ya fi yawa in babu lamba. Macen da nauyinta yake daidai kafin ciki, likitoci suna sa ran ta ƙara tsakanin kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta haihu. Wani ya tafi ranar haihuwa, wani a makonnin farko, sauran kuma jiki ya ajiye shi ne musamman saboda shayarwa, yana sauka a hankali, wata shida, shekara, wata ma fiye. Ki haɗa da jegonmu, kwana arba'in ana ɗura miki kunun kanwa da gasasshen nama da farfesu da tuwo da sassafe, maltina da madara duk wanda ya zo barka, ga zama wuri ɗaya. In kin fara allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku, ita ma tana sa wasu matan ƙara nauyi, ki tambayi nas ɗin da ke yi miki. To ina abin mamaki a 70?

Akwai ma'aunin da asibiti ke amfani da shi, BMI, a raba nauyinki da tsawonki sau tsawonki a mita. Ba ki faɗi tsawonki ba, amma a ce mita 1.60 ne, 70 a raba da 2.56 ya ba da 27 da ɗan ɗoriya. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 an ɗan haura, sai daga 30 ne likita zai rubuta obese. Kinga ko a ma'aunin asibiti kin ɗan haura ne kawai, ga jaririn wata bakwai a hannu. Wani awon da ya fi wannan faɗin gaskiya shi ne na ciki, ki ari tef ɗin tela ki zagaya shi daidai wajen cibiya ba tare da kin shanye ciki ba. Ga mace, in ya wuce santimita 80 a fara lura, in ya wuce 88 to haɗarin ciwon suga da hawan jini ya ƙaru sosai, don kitsen ciki shi ne mai illa, ba na cinya da ƙugu ba. Ko shi ma awon ki ba wa cikin lokaci ya gama komawa tukun.

Shayin kuwa, bari in faɗa miki abin da ke cikin yawancinsu. Ganyen senna ne, dangin filaskon nan da kakanninmu ke sha in ciki ya ɗaure. Aikinsa ya sa ki gudawa. Ki sha da daddare, da asuba ki yi ta zarya banɗaki, ki hau sikeli ki ga kilo ɗaya ko biyu sun tafi ki ce yana aiki, alhali ruwa ne ya fita, kitse na nan inda yake, kina shan ruwa nauyin zai dawo. In aka daɗe ana sha yana zubar da sinadarin potassium wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Wasu an cika musu kafeyin, shi kuma yana bi ta nono ya hana yaro barci. Mafi muni shi ne waɗanda ake ɓoye musu magani a ciki ba a rubuta a kwali ba. Akwai wani maganin rage ƙiba sibutramine da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har bayan nan hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta wa na ganye zalla. Wadda ta sayar miki a Instagram ita ma sara ta yi, ba ta da ɗakin gwaji, da yawa ko lambar NAFDAC babu a jiki. Ke ga shi ba ke kaɗai za ki sha ba, ku biyu ne. Kar garin neman gira a rasa ido.

Mai shayarwa ƙarin abinci take buƙata, ba ragi ba, wajen kalori 330 zuwa 400 a kan abin da take ci kafin ciki, kusan ƙaramin kwanon abinci guda kenan a rana. Raguwar nonon da kika gani, yunwa da damuwa da kuka duk suna da hannu a ciki, sannan a wata bakwai yaro ya fara kunu da ɗan abinci, in tsotso ya ragu nono ma raguwa yake. Ki riƙa sa shi a nono akai-akai har da dare, ki sha ruwa sosai, ki ci ki ƙoshi, in sha Allahu cikin 'yan kwanaki zai dawo. In ya wuce sati bai dawo ba, ko kika ga fitsarin yaro ya ragu ko ya daina ƙara nauyi a katin awo, ki kai shi asibiti kar ki jira.

In kina son rage jikin don kanki, don gwiwarki da numfashinki da kayanki da kike son sake sawa, ba don bakin ƙanwar miji ba, hanya na nan kuma ba sai kin rabu da tuwo ba. Ki fara da abin sha. Kwalbar lemo ta 50cl tana ɗauke da sukari wajen giram 50, cokalin shayi goma sha biyu kenan, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda gaba ɗaya. Ki haɗa da sukarin shayin safe da na kunu da na zoɓo da na fura, za ki ga inda nauyin ke shigowa. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, miya ta fi tuwon yawa, kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, ki ƙara wake da ƙwai da kifi, ki rage suya da cincin da fanke na tsakanin abinci, ki daina cin mai nauyi ƙarfe goma sha ɗayan dare. Ki goya yaronki ki taka, minti talatin a rana kwana biyar a sati, ko a tsakar gida ne ko zuwa gidan maƙwabta da yamma, in maigidan zai raka ki bayan isha'i ma ya fi, ga tafiya ga hira. Rabin kilo a sati ya isa, wanda ya fi haka sauri ga mai shayarwa ba alheri ba ne. In kina duk wannan amma nauyi sai hawa yake, ga kasala ga jin sanyi ga zubar gashi, ki ce likita ya duba miki maƙoshi, wato tayroyid, don yana rikicewa wasu matan bayan haihuwa.

Abin da ke ba ni tausayi, a inbox ɗin nan da kika turo kina kuka an ce kin yi jiki, akwai saƙonnin wasu 'yan matan suna kuka an ce sun bushe, suna tambayata sha ka fashe, wato ƙwayoyin ƙara ƙiba. Mu fa al'ummar da amarya in ta kwana biyu ba ta ciko ba sai a fara tambaya ko gidan bai karɓe ta ba. Su kuma ƙwayoyin nan da ake saya a kemis, cyproheptadine maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci, dexamethasone kuma shi ne mugun, yana kumbura fuska ta yi zagaye, ya tara ruwa da kitse a ciki da wuya, ya tsattsaga fata da nankarwa, ya tada suga da hawan jini, ya cinye ƙashi. Duk mai karanta wannan da ta daɗe tana shan sa, kar ta yanke shi rana ɗaya, yankewar gaggawa na iya kayar da mutum, ta je likita ya rage mata a hankali. Jiki ɗaya ne Allah ya ba kowace, amma bakin mutane ya sa wannan na shan guba ta ƙaru waccan na shan guba ta ragu.

Saura abu ɗaya da ban so ya wuce ni. Kin ce kullum sai kin yi kuka. In kukan nan daga ranar sitatus ya fara kuma ya tsaya bayan kun yi magana da maigidan, to alhamdulillahi. Amma ki tambayi kanki tsakani da Allah, ko dama tun bayan haihuwa kina jin ƙunci, barci ba ya zuwa ko da yaro ya yi barci, abin da kike so da duk ya fita ranki, kina ganin kamar ke ba uwar kirki ba ce ko ba ki da amfani? In haka ne kuma ya haura sati biyu, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama mata da yawa, yana iya zuwa ko'ina cikin shekarar farko, ba raunin imani ba ne ba kuma aljanu ba, kuma ana warkewa. Ki faɗa wa maigidanki, ki faɗa wa mamarki ko yayarki, ranar da za ki kai yaro rigakafin wata tara ko ma kafin nan ki buɗe baki ki gaya wa nas ko likita yadda kike ji, ki tafi musu da kwalin shayin su ga abin da aka sayar miki. Allah ya raya mana yaron, ya ba ki lafiyar shayarwa. In kun yi maganar da maigidan ki rubuto min yadda ta kaya.